Butar Alwala Da Robar Da Muke Zubarwa



Ƴan uwa, ku dubi butar da kuke alwala da ita. Ba mamaki bara fasasshen bokiti ce, ko bidon da wani ya jefar a bola a nan Maradi. To, yaya aka yi ta zama buta?

Ita roba daga man fetur ake yin ta, shi ya sa ba ta ruɓewa kamar kara ko ɓawon gyaɗa. Takan yi shekaru aru-aru cikin ƙasa. Amma in ta ji wuta sai ta narke, a sake ƙera ta. Masu yawon sayen tsohuwar roba suna auna ta a kan sikeli su biya. Daga nan a ware ta iri-iri, a wanke, a zuba a injin da ke niƙa ta ƙanana-ƙanana. A cika buhuna a kai wa masana'antu, irin waɗanda ke Kano, su narkar su yi buta da bokiti da baho.

Me ya sa ake warewa? Ku juya gindin kwanon roba, sau da yawa za ku ga lamba cikin zane mai kusurwa uku. Lamba 1 ta gorar ruwa da lemu ce, 2 ta bido, 5 kuma ta yawancin bokitai. Kowace da zafin da ke narkar da ita, in an cakuɗa su kayan ba ya ƙarko.

Riba ta farko kuɗi ne. Mai tsinta ya samu, mai niƙa ya samu, mai mota ya samu. Iyayenmu mata ma suna wanke gora su sayar da zoɓo da kunun aya a ciki.

Riba ta biyu lafiya ce. Gorar da aka yar ita ke toshe magudanar ruwa da damina, ruwa ya shiga gidaje. Wadda ta tara ruwan sama kuma ta zama gidan sauro. Ƙona ta ma ba mafita ba ne, hayaƙinta guba ne ga ƙirji.

Sai dai hattara! Bidon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwarin gona ko fetur, kar a zuba masa ruwan sha ko man girki, ko an wanke shi sau goma. Dafin yana shiga jikin robar. Kada a raina wannan, mutane na cutuwa ta haka.

Malam ya karantar da mu cewa kau da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, kuma Allah ba ya son almubazzaranci. Saboda haka mun aje buhu biyu a ƙofar makaranta, ɗaya na gora, ɗaya na fasassun robobi. In sun cika mu sayar, mu sayi alli da butoci. Muna roƙon iyaye, robar da ta fashe a gida kar a jefa ta kwata, a ba mu mu taho da ita.

Allah ya sa mu yi aiki da abin da muka sani. Amin.