Lalle, Itacen Da Bazara Ba Ta Kashewa

Duk wanda ya fita birnin Kano ta Ƙofar Kabuga ya nufi yamma bisa hanyar Gwarzo cikin watan Afrilu, zai ga ƙasa ta bushe ƙayau, ciyawa ta ƙare, kududdufai sun tsattsage. A wannan lokaci zafi ya kan kai ma'auni 40, iska kuwa in ta buso kamar daga bakin maƙera ta fito. Rabon ƙasa da ruwan sama tun ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, watau wata shida ko bakwai ke nan. In ya ratse ƙasar Kabo ya isa Gammo, zai tarar mai gida yana lissafin ruwan rijiya kamar yadda ɗan tireda ke lissafin kuɗin ciniki. To, cikin irin wannan hali, wane ne zai ɗebi ruwa ya ba fure?

Duk da haka zuciyar ɗan Adam tana son ganin ɗanyen ganye da shaƙar ƙanshi. Shi ya sa mutum ya kan shiga birni da damina, ya ga masu sayar da furanni a bakin titi, ya sayi masu taushin ganye da kuɗi mai tsoka, ya kawo gida ya dasa. Su yi ta haske har kaka. Hunturu ya kaɗe su, bazara ta ƙarasa su, a wayi gari sai kara. Sa'an nan ya ce ƙasarsu ba ta karɓar fure. Alhali kuwa ba laifin ƙasa ba ne, baƙon da bai san gari ba aka saukar. Akwai itacen da ya san wannan rana tun kaka da kakanni, yana fure, yana ƙanshi, yana kuma kawo kuɗi. Shi ne lalle.

Lalle ƙaramin itace ne mai yawan rassa, in an ƙyale shi ya kan ɗara tsawon mutum biyu. Ganyensa ƙanana ne, suna tsayawa biyu biyu suna fuskantar juna, in kuwa reshe ya tsufa sai bakinsa ya yi tsini kamar ƙaya. Furensa fari ne ƙanana a dunƙule, ƙanshinsa ya fi tashi da almuru. Larabawa suna kiran itacen hinna'u, furen kuwa fagiya, a Indiya har turare a ke yi da shi. Masana tsirrai na Turai sun sa masa suna Lawsonia inermis a shekarar 1753. Likita Dalziel, wanda ya tattara sunayen itatuwan ƙasar Hausa ya buga su littafi a 1916, ya ambace shi cikin abin da ya tarar a na shukawa.

Malamai sun san darajarsa. Ya tabbata a littattafan hadisi cewa Sayyidina Abubakar, Allah ya yarda da shi, ya kan rina gemunsa da lalle da katam, Ibnul Ƙayyim kuma ya yi magana a kan amfaninsa cikin Zadul Ma'adi. A ƙasar Hausa kuwa ba a kai amarya ɗakinta sai an sa ta a lalle, ba a kuma yin Salla mata ba su yi ƙunshi ba. Manoman karkarar Kano sun daɗe suna jera shi a kan iyakar gona, domin itacen da ya kafa saiwa ba ya matsawa, shaida ne da ba a saye.

Abin da ya sa bazara ba ta kashe shi abu biyu ne. Na farko saiwarsa tana nitsawa ƙasa ƙwarai, tana shan lema inda ta ciyawa ba ta kai. Na biyu, in fari ya tsananta ko sanyi ya matsa, sai ya zubar da ganye ya yi likimo, ya rage abin da ya ke sha. Mai kallo ya ce ya mutu, amma ruwan farko na sauka sai ya tofo. Wanda kuwa a ke ɗan ba shi ruwa, ko da na alwala ne, ya kan tsaya da ganyensa har ya yi fure da rani. Wani abin mamaki, zafin nan da ke kashe sauran shi ne ke ƙara wa ganyen lalle ƙarfin kamu. Sanyi mai tsanani shi ne abokin gabarsa, irin wannan kuwa ba a yinsa a Gammo.

Hanyar shuka shi iri biyu ce. Mafi sauƙi a yanko reshe mai ƙwari, kaurin yatsa, tsawon kamu ɗaya, a zage ganyen ƙasa, a binne rabinsa. Lokacin yin haka shi ne watan Yuli, sa'ad da damina ta zauna, domin ya yi saiwa cikin marka kafin ruwa ya ɗauke. Wanda ya dasa da rani ya ɗora wa kansa jan guga. Hanya ta biyu ita ce ta iri. Ƙwayar tana da taurin ɓawo, sai an jiƙa ta kamar mako guda a na sauya mata ruwa, sa'an nan a yafa a ƙaramin fangali, in tsiron ya kai taƙi ɗaya ko biyu a cire a dasa.

A zaɓi wurin da rana ke bugu sosai, kada a sa shi ƙarƙashin inuwar darbejiya ko inda ruwa ke kwanciya. A haƙa rami zurfin kamu ɗaya, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a barbaɗa toka saboda gara. In shinge a ke so, a bar kamu ɗaya tsakanin wannan da wancan. Bakin ramin kuwa kada a cike shi, a bar shi da ɗan zurfi kamar akushi don ya tare ruwa. Wannan dabara ita ce manoman ƙasar Tawa a Nijar ke kira tassa. Da irinta Yakuba Sawadogo na Burkina Faso, wanda ya rasu a 2023, ya mai da faƙo kurmi bayan farin shekarun 1970 da 1980, farin da dattawan Kabo da Gwarzo ba su manta da shi ba.

Shekarar farko ita ce ta wahala. A kewaye shi da ƙaya saboda awaki. In rani ya shiga, a ba shi ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu a mako da yamma, ya fi a yayyafa masa kaɗan kullum, gama yayyafi yana koya wa saiwa zama a sama. Mai tsohon tulu ya binne shi kusa da gindin har wuya, ya cika shi, ya rufe baki. Ruwa zai yi ta tsatsafowa a hankali, rana ba ta sha ba. Mai makaranta kuwa ya ja ƙaramar kwata daga inda almajirai ke alwala zuwa gindinsa. Sai dai a kiyaye shi daga ruwan wanki mai yawan sabulu. In ya ga damina biyu, ya ɗauke wa mai shi nauyi.

Ga 'yan kasuwa kuma akwai magana. A kan yanke rassa sau biyu a shekara ko fiye, yankan kuwa yana ƙara masa tofo, gindi ɗaya ya yi shekara goma sha yana bayarwa. A shanya a inuwa, domin rana tana ƙone launin ganye ta karya masa daraja. In ya bushe a kakkaɓe, a tsince itace da tsakuwa, a adana inda lema ba ta kai. Kaya ne da ba ya ruɓewa, ba ya nauyi, yana jiran bikin Salla da na aure, daga kasuwar Getso har Kasuwar Kurmi. Kada kowa ya raina shi. Garin Sojat na jihar Rajastan a Indiya, ƙasa mai fari da zafi, da lalle ya yi suna a duniya, har a 2021 hukumar ƙasar ta yi wa lallensa rajista don kada wani ya sayar da nasa da sunan garin. Haka Damar ta Sudan ta shahara da shi.

Amma fa amana ita ce jari. Lallen gaskiya ja ne zuwa ruwan ƙasa, ba ya yin baƙi wuluk cikin sa'a guda. Abin da a ke kira baƙin lalle sau da yawa an haɗa shi da sinadarin rinin gashi mai suna PPD, wanda ya kan sa fata ta kumbura ta yi ƙuraje, har ta bar tabo. Har wa yau likitoci sun yi kashedi kada a shafa wa jariri lalle, domin akwai wata larurar jini ta gado mai suna G6PD, tana da yawa a wannan yanki, lalle kuwa ya kan farfasa jinin mai ita.

Lalle yana da abokan zama. Akwai kariya, mai kumburarren gindi inda ta ke ajiye ruwa. Ita tsakiyar rani ta ke fure, ja mai haske, ba ganye ko ɗaya a jikinta, yawan ruwa ma ruɓar da ita ya ke yi. Sai dai ƙaronta dafi ne, a nisanta ta daga yara da dabbobi. Akwai rumman, wanda aka ambata sau uku a Alƙur'ani, mai jan fure, shi ma da reshe a ke dasa shi, amma in 'ya'ya a ke so sai an ƙara masa ruwa. Akwai kuma wanda a ke gani ya lulluɓe katangun unguwar Nasarawa a Kano, Turawa na ce masa boganbila, asalinsa Birazil, shi ma ƙishi ke ƙara masa fure.

Saboda haka mai gida a Gammo da ke son ƙofar zaurensa ta yi kyau ba sai ya je birni ba. Ya roƙi maƙwabci reshe goma in damina ta zauna, ya tanadi toka da ƙaya da tsohon tulu, ya jure rani ɗaya. Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Bayan nan shinge nasa, ƙanshi nasa, ganyen ƙunshin iyalinsa nasa, abin da ya ragu kuma ya kai kasuwa.