Ƙirƙirarriyar Basira da Tarbiyyar Ɗan Ƙasa a Makarantunmu

Abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira ba siddabaru ba ne. Na'ura ce aka ɗura wa rubuce-rubuce da hotuna da muryoyi masu ɗimbin yawa, har ta iya kintatar kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan 'yar'uwarta. Don haka takan tsara zance mai daɗin ji, alhali ba ta da ma'aunin rarrabe gaskiya da ƙarya. A Hausa ma abin ya fi tsanani, domin abin da aka ɗura mata na harshenmu bai taka kara ya karya ba. Na sha ganin ta mai da mace namiji a tsakiyar jimla.

A watan Satumba na 2025 Gwamnatin Tarayya ta bayyana sabuwar manhaja, inda fasahar kwamfuta da darasin zama ɗan ƙasa suka shiga cikin darussan dole na babbar sakandare. Madalla. Tsorona ɗaya, kada a koyar da su dabam-dabam, kamar ba su san juna ba.

Dalilina kuwa yana nan Kaduna. Masaƙun Kakuri, tun daga ta farko a 1957, sun tara kabilu iri-iri a Makera da Nasarawa, ana cuɗanya ba a tambayar addini. Rikicin 2000 ya sa jama'a da yawa suka yi ƙaura, kogi ya zama kamar iyaka. Na 2002 kuwa rubutu guda a jarida ne ya kunna shi. To, wancan rubutu sai da ya bi ta hannun edita. A yau yaro a Barnawa ko Sabon Tasha yana iya sa na'ura ta kwaikwayi muryar limami ko fasto, ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, saƙon ya haye gada kafin magariba.

Saboda haka darasin da nake nufi na aikatawa ne. Malami ya kawo hoton jabu da na gaskiya cikin aji, ɗalibai su bincika: wa ya fara turo shi, yaushe, me yake so mu yi? A sa su tambayi na'urar tarihin unguwarsu, sannan su kai amsar gaban dattawan da suka yi aiki a masaƙa, su ƙirga kurakuran. Wannan ba ya bukatar ɗakin kwamfuta. Wayar malami ɗaya ta isa, muddin shi kansa an fara horar da shi.