Daga Gangara zuwa Tagelal: inda Turawa uku suka rabu

A lokacin hutun makaranta muka ɗebi yara a mota daga Gangara zuwa Tagelal, cikin ƙasar Damargu. Mai wucewa ba zai ga komai ba sai rairayi da rumbunan hatsi. Amma a nan ne, cikin Janairu 1851, Richardson ɗan Ingila ya yi ban kwana da Barth da Overweg, Jamusawa, bayan sun taso tare daga Tarabulus a 1850. Shi ya nufi Damagaram, su suka kama hanyar Tasawa. Ba su sake ganinsa ba, domin ya rasu cikin Maris a hanyar Kukawa. Overweg ya bi shi a 1852. Barth, mai laƙabin Abdulkarim, shi kaɗai ya koma gida a 1855.

Autarmu ta ce, "Baba, wa ya nuna musu hanya?" Ayarin gishirin Abzinawa suka biyo, madugai ne idonsu. Ba mu ga allon da ya ambaci baƙin ba, balle madugan. Iyaye, ku kai yaranku su tambayi dattawa tun suna raye.