Ƙosai ya je Birazil, rogo ya zo Katsina

Ka san irin bidiyon nan da ke faɗo maka a TikTok wajen sha biyun dare, daidai lokacin da cikinka ya fara kiran ciroma? Wani ya tsaya gaban kurar mai abinci a birnin Lima ko Bogota, hayaƙi na tashi, nama na ɗigar mai, yana tauna yana lumshe ido. Kai kuwa datarka ta ƙone, ka haɗiyi yawu, ka rubuta a ƙasa: "Mu dai an bar mu a baya." Ni ma na rubuta haka, ba sau ɗaya ba.

Aikin makaranta ne ya sa na bi diddigin waɗannan abinciccikan na Kudancin Amurka, kuma abin da na tarar sai da ya ba ni kunya. Shi ya sa ranar wata Alhamis, bayan Magariba, na zuba dubu biyu a aljihu na taka daga Ƙofar Ƙaura, don in ɗanɗana Kudancin Amurka ba tare da biza ba.

Na fara da mai tsire. A Peru akwai abin da suke kira anticuchos: zuciyar saniya ce ake yankawa, a jiƙa ta da kayan yaji, a soke a tsinke, a gasa a bakin titi da dare. Ka ce tsire ne, ba ka yi ƙarya ba. Amma tsaya ka duba yajin da mai tsirenmu ke barbaɗawa. Ƙuli-ƙuli ne da barkono. Gyaɗa asalinta yankin Bolibiya da kewaye, barkono ma daga can nahiyar ya fito, jiragen ruwan Turawan Fotugal ne suka kawo su gaɓar Afirka wajen ƙarni na 16. Wato gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano baƙuwa ce. Kakannin kakanninmu da masoro da kimba da citta suke ɗaga miya.

Rogo ma haka, daga Birazil ya zo. Yau Najeriya ta fi kowace ƙasa a duniya nomansa. Yana cikin ɗanwaken da ka ci da safe, shi ne dafaffen da ake sayar mana da ƙuli a ƙofar makaranta, shi ne kuma garin kwakin da ke rufa wa ɗalibi asiri a ƙarshen wata. Abarbar da ake yankawa a kan baro, 'yar can ce. Dankalin Turawa kuwa sunan ne kawai nasu, a tsaunukan Peru aka fara nomansa.

Inda na daɗe shi ne wurin wata tsohuwa mai ƙosai a bakin wani lungu, kaskonta bisa murhu, yara sun kewaye ta da kwanoni. Na tsuguna na gaishe ta, na ce, "Inna, a ba ni na ɗari uku." Tana tsamewa ina tuna abin da na karanta.

A birnin Salvador na jihar Bahia a Birazil, abincin titin da ya fi kowanne suna shi ne acarajé. Farin wake ne ake surfawa, a markaɗa da albasa, a buga, a soya a manja. Sai a tsaga shi a zuba miya mai kauri da jatan lande. Ƙosai ne, ɗan'uwa, ƙosai! Sunan ma daga akara na Yarabawa ya samo asali. Yadda ya je can ne babu daɗin ji. Sama da mutum miliyan 4 aka kwasa daga Afirka aka kai Birazil bauta, kuma ba a soke bautar ba sai 1888. A cikinsu akwai Hausawa, musamman a farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a Salvador. A Janairun 1835, cikin azumi, Musulmin birnin, akasarinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka fito da fararen riguna da layu suka yi boren da har yau ake karantarwa a can. Kuma har gobe akwai wata shinkafa da busasshen nama da mutanen Bahia ke kira arroz de hauçá, wato shinkafar Hausa. Ka ji fa. Mutanen sun tafi ba tare da ko tsinke ba, amma girkinsu ya riƙe mana suna.

To ga abin da ya tsaya mini a rai. A 2005 Birazil ta saka sana'ar matan da ke soya acarajé cikin kundin al'adun gado na ƙasa. Suna da ƙungiya, suna da ranarsu, 25 ga Nuwamba. Suna zama cikin fararen kaya tas, baƙi daga ƙasashe na bin layi suna ɗaukar hoto. Mu kuma fa? Wani in zai sayi ƙosai sai ya waiga dama da hagu kada 'yan ajinsu su gan shi. Za mu biya kuɗin shawarma ba ko tari, mu ɗora a Instagram, amma Inna sai mun ja da ita a kan gyara.

Ba zan ce komai lafiya lau ba ne a titunanmu. Na ga man da aka soya aka sake soyawa har ya koma kamar baƙin man inji. Na ga hannun da ya karɓi kuɗi ya koma cikin abinci. Na ga awara mai zafi ana juye ta a baƙar leda, da yarinyar da ba ta wuce shekara goma ba ɗauke da bokiti bayan Isha'i. Waɗannan gaskiya ne. Sai dai yawancinsu ba su fi ƙarfin cokali mai yatsu, murfi, da butar wanke hannu ba. Mai saye ne ke koya wa mai sayarwa. In ka wuce mai ƙazanta ka tsaya wurin mai tsafta, ka faɗa mata dalili, ka nuna wa abokanka wurin, unguwa za ta gane. Wayar da kake kallon Lima da ita tana iya ɗaukar Ƙofar Marusa.

Kafin in tashi na nuna wa Inna bidiyon matan Bahia. Ta kawo fuska kusa, ta kalla shiru, matsami a hannu. Can ta ce, "Da manja suke soyawa? Ai zai yi nauyi, ɗan nan." Ta sake kallo. "Amma ƙullun ya bugu."

Na ce ko za ta bari in ɗauke ta? Ta ce kaskon dai, ban da fuskarta. Na ɗauki kaskon. Ta ƙara mini biyu gyara, ban roƙa ba.