Tsinkakken layi a taswirar gini: alamar bangon da za a rushe

1. Gabatarwa

Taswirar gini tana da nahawunta kamar kowane harshe. Tun littafin Ferdinand de Saussure na 1916 masana ilimin harsuna suka yarda cewa yarjejeniyar jama'a ce ke ɗaura alama da ma'anarta. A wannan maƙala za mu duba alama guda: layin da Faransanci ke kira trait interrompu, wanda muke ba da shawarar a kira shi "tsinkakken layi". Da shi mai zanen gini yake nuna bangon da za a rushe idan ana gyaran tsohon gida.

2. Alama guda, ma'ana uku

A taswirar gyara akwai bango iri uku: wanda zai tsaya, wanda za a rushe, da wanda za a gina. A Jamus, Suwis da Italiya an saba bambanta su da launi: rawaya ga rushewa, ja ga sabon gini. Amma takardar da ke isa hannun magini sau da yawa fotokofi ce, baƙi da fari, saboda haka siffar layin ce kaɗai ke saura. Ƙungiyar ISO ta keɓe wa zanen rushewa da sake gini ƙa'ida ta musamman, mai lamba 7518, a shekarar 1983.

Sai dai tsinkakken layi yana da wasu ma'anoni biyu: abin da ke ɓoye, kamar harsashin da ke cikin ƙasa, da abin da ke sama da kai, kamar azara. Ke nan kalma ce mai ma'ana fiye da ɗaya, kamar "gari" a rubutun boko, inda ba a nuna tsawon wasali da karin sauti: mahalli ne ke faɗa mana ko birni ake nufi ko garin tuwo.

3. Yadda na'ura ke zana shi

A cikin AutoCAD, wanda kamfanin Autodesk ya fitar a 1982, na'ura ba ta san bango ba, layi kawai ta sani. Mai zane yana ware bangayen rushewa a wani shafi na daban, ya ba shafin nau'in layi mai suna DASHED. A ma'aunin mita, guntun layin yana da tsawon 12,7, giɓin kuma 6,35. Idan an yi zanen da milimita, aka buga shi a kan 1/100, guntun zai koma milimita 0,127 a takarda. Ido ba ya ganin giɓin, sai layin ya fito a haɗe. Umurnin LTSCALE ne ke gyara wannan: in an sa shi a 25, guntun yana kai kimanin milimita 3,2.

Revit, wanda ya fito a 2000, ya bi wata hanya. Kowane bango yana ɗauke da bayani biyu: matakin da aka gina shi da matakin da za a rushe shi. Da zarar an cika na biyun, na'ura da kanta take tsinka layin. ArchiCAD na kamfanin Graphisoft da ke Budafes ya shigo da irin wannan tsari a 2011. A fahimtarmu, a hanya ta farko ana rubuta siffa ne a bar wa mai karatu ma'ana. A ta biyu ana rubuta ma'ana, siffa ta biyo baya.

4. Abin da ya shafe mu

A Nijar ana rubuta bayanin taswira da Faransanci, alhali a Maraɗi, Damagaram ko Tawa yawancin magina da Hausa suke aiki. Kuskuren karatu yana da fuska biyu. In giɓi ya ɓace, bangon da ya kamata a kayar zai tsaya, an yi asarar lokaci. In kuwa aka ɗauki alamar azara a matsayin umurnin rushewa, ana iya taɓa abin da ke ɗauke da rufi, rai kuma ya shiga haɗari. Lamarin ya fi tsanani a ginin ƙasa, irin na unguwar Birni a Damagaram ko na tsohon garin Agadas da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, inda bango da kansa ne ke riƙe da rufin soro.

5. Kammalawa

Muna ba da shawara uku. A yi wa rushewa takardarta daban da ta sabon gini. A bambanta tsawon gutsattsarin layi: dogaye ga rushewa, gajeru ga abin da ke ɓoye ko sama. A ƙarshe, a rubuta makullin alamomi cikin harsuna biyu: à conserver, "a bar shi", à démolir, "a rushe", à construire, "a gina". Mun zaɓi siffar umurni maimakon suna, domin da ita shugaban magina yake magana da ƴan aikinsa a wurin gini.