Garkuwar Jikin Yaro Ba a Kwalba Take Ba

Tun zamanin korona da maganar "garkuwar jiki" ta kama bakin mutane, masu sayar da magani suka samu kasuwa. Ranar kasuwa a Bodinga ko Shagari da wuya ka rasa mai lasifika yana tallar wani ruwa wai yana ƙara wa yara garkuwa. A kyamis kuma, uwa ta biya kuɗin kwalbar bitamin wanda zai saya mata wake da ƙwai na kwanaki. Ga kuma wata magana da ke yawo a WhatsApp, wai allurar rigakafi tana raunana yaro, gara a bar shi yadda Allah ya halicce shi. Da masu sayen kwalba da masu gudun allura, duk sun bar jaki suna dukan taiki.

Ɗaya daga cikin lokutan da yaro ya fi shiga haɗari a ƙasarmu shi ne lokacin yaye. Uwa ta samu ciki, a ce nononta ya ɓaci, rana ɗaya a ɗauke yaro a kai shi gidan kaka. Cikin ba ya ɓata nono, amma al'ada ta riga ta yanke hukunci. Daga nan abincinsa ya koma koko, safe da rana da dare, ruwa-ruwa, da ɗan sukari. Ciki ya cika, uwa ta ga ya ƙoshi, alhali jikin bai samu abin da zai yi aiki da shi ba. Ƙwayoyin da ke yaƙar cuta a jini da abinci mai gina jiki ake ƙera su, kuma fatar hanji da ta maƙogwaro, waɗanda su ne katangar farko, sai da bitamin A suke tsayawa da ƙarfinsu. Kokon gero tsura ba ya ba da isasshen ko ɗaya daga ciki. Shi ya sa yaro mai tamowa gudawa kaɗan take kayar da shi, gudawar kuma ta ƙara masa tamowa.

Wanda ke ganin wannan zancen likitoci ne kawai, ya leƙa Asibitin Noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999. Cutar noma tana farawa ne daga kumburin dasashi, cikin 'yan kwanaki ta cinye kumatu da leɓe, kuma yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da yunwa da wata cutar suka raunana ta fi kamawa. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi a wannan yanki, aka wallafa a 2018, ya gano cewa ciyar da yaro koko kullum yana cikin abubuwan da ke tafiya tare da cutar, yaran da aka ba dakashi kuwa sun fi tsira daga gare ta. Dakashin nan ne wasu har yau suke matsewa su zubar, wai ƙazanta ne.

Abin takaici, maganin yana cikin gida. A niƙa gero da waken suya da gyaɗa bayan an soya su, a dama da kauri yadda ba zai zube daga cokali ba. A sa garin zogale ko na busasshen kifi, a ba yaro kabewa da wake da nono mai tsabta, da ɗan manja idan an samu. Da damina ƙwan zabbi yakan cika ƙauyukan Sifawa da Danchadi da Kajiji, amma kasuwa ake kai shi, yaron gidan kuwa a ce idan ya ci ƙwai zai tashi ɓarawo. Maigida, idan an dafa nama ko hanta, ba kwanonka kaɗai ya kamata ya sani ba. Cikin yaro ƙarami ne, don haka kaɗan-kaɗan ake ba shi, sau da yawa a yini, a kwanonsa shi kaɗai, ba a bar shi yana kokawa da yayyensa a akushi ɗaya ba. Nono kuwa ya ci gaba har shekara 2, kamar yadda Alƙur'ani ya ambata, Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka ta ce.

Sai batun allura. Masu cewa a bar yaro ya yi ƙyanda domin jikinsa ya yi ƙwari ba su san aikin ƙyanda ba. Jikin yaro yana haddace duk cutar da ya taɓa karo da ita, domin in ta dawo ya gane ta. Ƙyanda takan kashe ƙwayoyin da ke riƙe da wannan haddar, kamar a wanke wa almajiri allo kafin karatun ya zauna masa. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2019 ya nuna yaran da suka yi ƙyanda sun rasa kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na nau'o'in kariyar da ke jininsu. Ga dalilin da ya sa yaro yakan warke daga ƙyanda, sai ciwon haƙarƙari ko gudawa su biyo baya. Allura ba ta maye gurbin halittar jiki ba, jikin ne da kansa yake koyon gane abokin gaba ba tare da ya sha wahalar cutar ba. Ana yin ta ƙyanda a wata 9, a maimaita a wata 15, kuma kyauta ce.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 5 cikin 100 kacal ne suka kammala muhimman alluransu a Jihar Sakkwato, mafi ƙaranci a Nijeriya. Ba iyaye kaɗai ne da laifi ba. Uwar da ta taka daga ƙauye ta tarar da asibiti a rufe, ko aka ce mata ta dawo wani makon, ba lallai ta sake dawowa ba, kuma wannan ba ya cikin jawabin da ake karantawa ranar ƙaddamar da rigakafi.

Sauran ba sabo ba ne: ɗigon bitamin A duk wata 6, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida da damina, gidan sauro, wanke hannu da sabulu, da ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinc idan gudawa ta zo. Iyaye, kuɗin kwalbar nan a sayi wake da gyaɗa da shi, a kuma ɗauko katin rigakafin yaro a kai wa ma'aikacin lafiya ya duba abin da ya saura.