Kwamfutar karatu ko ta wasa: Lissafin da ke gaban iyaye da ɗalibai a Minna

Duk lokacin da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ta buɗe sabuwar shekarar karatu, akwai wata muhawara da ke tashi a gidaje da dama, daga Bosso zuwa Tunga da Chanchaga. Uba ya biya kuɗin rajista, ya biya na ɗaki, yana shirin ya numfasa, sai ɗa ya kawo batun kwamfutar tafi-da-gidanka.

Uban yana tunanin wata 'yar madaidaiciya da za a yi rubutu da bincike a kanta. Shi kuwa ɗan tuni ya adana hoton wata a wayarsa: baƙa, mai kauri, madannanta na walƙiya launi-launi, irin waɗanda aka ƙera domin wasannin kwamfuta. Hujjarsa ita ce kwas ɗinsa na buƙatar na'ura mai ƙarfi. A wasu lokutan gaskiya yake faɗa. A lokuta da yawa kuma shi kansa bai san abin da kwas ɗin ke buƙata ba.

Ba ƙaramin kuɗi ake magana a kai ba. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga kusan N460 har ta haura N1,500 a farkon 2024, kuma kusan duk kwamfutar da ke kan kanta a Najeriya daga waje aka shigo da ita. Sabuwar kwamfutar wasa ta matakin farko, irin su HP Victus da Lenovo LOQ da Acer Nitro da Asus TUF, takan kai Dala 700 zuwa 1,000 a ƙasashen waje. Kafin ta iso Minna ta haura Naira miliyan ɗaya. Ga ma'aikacin Jihar Neja da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na N80,000 da Gwamna Umaru Bago ya amince da shi a 2024, wannan ya wuce albashin shekara guda cur. Kuɗin aljihun da asusun NELFUND ke bai wa ɗalibin da ya ci bashin karatu kuwa N20,000 ne a wata.

Mece ce ake saya da wannan kuɗin?

Abin da ya raba kwamfutar wasa da sauran shi ne wani sashe na musamman da ke sarrafa hoto da zane, wanda masu sayarwa ke kira GPU, galibi ƙirar kamfanin Nvidia. Kwamfuta mai sauƙin kuɗi ma tana sarrafa hoto, amma da wani ƙaramin sashe da ke haɗe da ƙwaƙwalwarta, wanda ya isa a kalli bidiyo, a yi rubutu, a shiga darasi ta intanet. Ita ta wasa tana ɗauke da ƙwaƙwalwa ta biyu sukutum, mai rumbunta daban, da fankokinta daban, da cin wutarta daban.

Wanda ke da buƙatar wannan sashe ya san kansa. Ɗalibin zanen gine-gine da zai ɗauki tsarin bene ya fitar da hotonsa kamar an riga an gina shi, da hasken rana da inuwar bishiyoyi, ba zai iya aiki da manhajar Lumion ba tare da GPU mai kyau ba. Haka mai haɗa zanen injina masu sassa da yawa a SolidWorks, da mai tace bidiyo mai nauyi domin samun abin kashewa. Ga waɗannan, kwamfutar wasa kayan sana'a ce, kamar keke a wurin tela, kuma sun zaɓe ta ne saboda ta fi arha a kan kwamfutocin da aka ƙera takanas domin ƙwararrun masu zane.

Sai dai yawancin ɗaliban jami'ar ba sa cikin wannan rukuni. Mai karanta lissafi, ko kimiyyar sinadarai, ko noma, ko koyarwa, aikinsa bai wuce Word da Excel da buɗe shafukan bincike ba. Abin da zai ba iyaye mamaki shi ne har ɗalibin kimiyyar kwamfuta da na tsaron intanet, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya kan wannan batu, abin da suka fi buƙata shi ne RAM mai yawa da ma'ajiya mai sauri. Rubuta manhaja ba ya taɓa GPU. Ko mai son koyon ƙirƙirarriyar basira yana iya aron ƙarfin na'urorin Google kyauta ta shafin Colab, ya yi gwaje-gwajensa na farko daga kan kowace irin kwamfuta, muddin yana da data. Shi ma AutoCAD, idan zanen shimfiɗe ne kawai, yana tafiya lafiya a kan matsakaiciyar na'ura.

Jihar wuta, garin ɗauke wuta

Tambayar da ba a cika yi a shago ba ita ce: a ina za a jona ta?

Neja ce ake wa kirari da jihar wutar lantarki, kuma ba a banza ba. A cikinta madatsar Kainji take tun 1968, ga Shiroro mai megawat 600 da ta fara aiki a 1990, ga Zungeru mai megawat 700 da ta shigo a 'yan shekarun nan, ga kuma Jebba a kan iyakarta da Kwara. Amma wutar tana hawa babban layin ƙasa ne a raba ta, kuma mazaunin Minna ya san yadda ake kwana a duhu alhali madatsa na maƙwabtaka da shi. A tsarin da hukumar NERC ta shimfiɗa, 'yan rukunin A ne kaɗai aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 a rana, su ne kuma aka ɗaga wa farashi zuwa sama da N200 kan kowane yunit a Afrilun 2024. Rukunin ƙarshe alƙawarin awa huɗu kacal aka yi masa.

Wannan ya shafi zaɓin kwamfuta kai-tsaye. Cajar kwamfuta mai sauƙi wat 45 zuwa 65 take ja. Ta wasa kuwa takan fara daga wat 150, wasu har su haura 250. Abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda kuma ba a rubuta shi da manyan baƙi a jikin kwali ba, shi ne kwamfutar wasa ba ta bayar da cikakken ƙarfinta sai tana jone. Da zarar an zare ta, ita da kanta take rage gudun GPU domin batir ba zai iya ciyar da shi ba, kuma duk da ragewar, aiki mai nauyi na iya shanye batirin cikin awa ɗaya zuwa biyu. Ma'ana, ɗalibin da ke zaune a ɗakin haya a Gidan Kwano, inda babbar harabar jami'ar take a kan hanyar Bida, zai iya biyan kuɗin doki ya riƙa hawan jaki a duk sa'o'in da babu wuta.

Ita kuwa ƙaramar, idan batirinta lafiyayye ne, tana iya ɗaukar rabin yini ana rubutu a kanta. Yawancin na zamani ana cajinsu ta kafar USB-C, don haka babban fawa-banki mai bayar da wat 65 ko ɗan ƙaramin sola na iya tayar da ita. Wanda ya sayi ta wasa, ko ya sani ko bai sani ba, ya ɗauko wa kansa lissafin inbata ko na man janareta.

Sai zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin Minna kan doshi digiri 40, kuma na'urar da ke ƙona wat 150 a cikin ɗaki mara iska dole ta rage gudu don ta kare kanta. Kafin zafin kuma hunturu ya riga ya cusa ƙura a cikin fankokinta. Wanda ba ya kai ta a buɗe a share lokaci-lokaci, a sabunta man da ke sanyaya ƙwaƙwalwarta, zai ji tana gurnani kamar injin niƙa tana kuma tafiyar hawainiya. Ga nauyi: ita kaɗai ta haura kilo biyu, cajarta kuma kamar bulo, a jakar wanda zai yi ta hawa da sauka tsakanin gari da makaranta.

Arha ma tana da tarkonta

Kada wannan ya sa a ɗauka cewa duk mai sauƙin kuɗi abar saye ce. Hausawa sun ce arha ba ta ado, kuma a kasuwar kwamfuta arhar iri biyu ce.

Akwai sabuwa fil a kwali, mai sheƙi, wadda ke ɗauke da ƙwaƙwalwar Celeron, da RAM mai gigabait 4, da ma'ajiya mai gigabait 64 da aka liƙe a jikin na'urar ta yadda ba a iya canza ta. Ita ce ta fi jan hankalin iyaye, domin sabuwa ce kuma kuɗinta bai tayar da hankali ba. Ita ce kuma ta fi saurin zama kayan takaici: a buɗe shafuka goma a intanet tare da Word, ta tsaya cak. Karatun digiri a wannan jami'a shekara biyar ne, kuma da wuya irin wannan ta raka ɗalibi zuwa ranar da zai rubuta kundin kammalawa.

Akwai kuma ta hannu, wadda 'yan kasuwa ke kira tokumbo. Mafi yawansu kwamfutocin ofisoshin Turai da Amurka ne da aka sauke bayan 'yan shekaru, irin su Lenovo ThinkPad da Dell Latitude da HP EliteBook. Suna shigowa ta Legas, su bazu daga kasuwar Computer Village da ke Ikeja zuwa Banex a Abuja da Farm Centre a Kano, har su iso shagunan rukunin Obasanjo a tsakiyar Minna. An ƙera su ne domin su jure wahalar aiki, kayan gyaransu sun wadata, kuma kusan kowane mai gyara ya san cikinsu. Ga mafi yawan ɗalibai, a nan amsar take: Core i5, RAM mai gigabait 8 da za a iya ƙarawa zuwa 16, da ma'ajiyar SSD mai aƙalla gigabait 256.

Amma a nan ma akwai inda ake yi wa mai saye rufa-rufa. Sunan “Core i7” shi kaɗai ba ya nufin komai, domin akwai i7 na 2013 da sabon i3 zai bar shi a baya. Lambar da ke bin sunan ce ke faɗin zamaninsa: i5-6300U tsara ta shida ce, i5-8250U kuma ta takwas. Wannan bambanci ya zama babba tun ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10. Windows 11 a hukumance yana buƙatar ƙwaƙwalwar Intel tsara ta takwas zuwa sama. Masu shago sun iya ɗora shi da dabara a kan tsofaffin na'urori, ya buɗe ya yi kyau a ido, amma kamfanin bai lamunce wa irin waɗannan samun sabuntawar tsaro ba.

Tarko mafi muni shi ne tsohuwar kwamfutar wasa ta hannu, wadda ake yi wa kallon tsaka-tsaki tsakanin burin ɗa da aljihun uba. Na'ura ce da ta shafe shekaru tana aiki cikin zafi, batirinta ya gaji, kuma idan GPU ɗinta ya mutu ba a cire shi a sa wani, domin a liƙe yake da babban allon da ke cikinta. Ko a sababbin ma suna na yaudara: RTX 4050 ɗaya ne a takarda, amma wani kamfani ya ba shi wat 35, wani ya ba shi har 115, kuma aikinsu ba zai zo ɗaya ba.

Ga ɗalibin zanen gine-gine da ya tabbata yana buƙatar babbar, lokacin saye ma abin dubawa ne. Shekarar farko darussan kimiyya na bai-ɗaya ne da zanen hannu, kuma nauyin manhajojin sai an yi nisa yake zuwa. Kwamfutar da aka saya da miliyan a aji ɗaya za ta kai aji huɗu da gajiyayyen batir da garantin da ya ƙare, a daidai lokacin da ake neman ƙarfinta. Wanda ya fara da ta hannu mai lafiya, ya sayar da ita a aji uku ya cika kuɗi, zai samu sabuwar ƙira a lokacin da ya san ainihin manhajar da sashensa ke aiki da ita. Masu sha'awar MacBook a cikinsu kuma su sani cewa Revit, wadda masu zanen gini ke yawan amfani da ita, a kan Windows kaɗai take tafiya.

Akwai batun da ba a faɗa a gaban iyaye, wato wasan kansa. Babu laifi matashi ya so buga ƙwallo a kwamfuta bayan lacca, kuma wanda ya tara kuɗinsa yana da ikon sayen abin da ransa ke so. Abin da ke jawo ɓacin rai a gida shi ne a sa wa sha'awa rigar karatu, uba ya sayar da buhunan doya ko ya ci bashin ƙungiyar adashin ofis, daga baya ya gane abin da ya saya.

Kowacce aka tsayar, a gwada ta a shagon kafin a biya. A zare caja a ga yadda batirin ke sauka, ko a sa wanda ya iya ya buga umarnin powercfg /batteryreport, wanda ke nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa. A danna kowane madanni, a duba fuskarta a kan farin shafi ko akwai tabo, a shiga saitunanta a karanta lambar ƙwaƙwalwar maimakon dogaro da takardar da aka manna a jiki. A tabbatar ba a kulle ta da kalmar sirrin tsohon ofishinta ba. Sannan a karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da adadin kwanakin da mai shago ya yarda a dawo masa da ita idan ta nuna matsala.